Ƙwaryar da Korau Ya Kife

Da sunan Allah nake buɗe baki, shi da ya ɓoye ruwa a ƙarƙashin dutse, ya ɓoye birni a ƙarƙashin rairayi, ya kuma ɓoye wa ɗa abin da ke zuciyar ubansa har sai ya yi tafiya. Ku matso, ku gyara zama. Ni ne Jatau ɗan Korau mai haƙar rijiya, mutumin Tudun Tsamiya.

Garinmu a kan tudu yake, ruwa kuwa sai an yi tafiyar rabin yini zuwa kwari. Wuyan tsofaffinmu mata duk ya karkace da ɗaukar tulu. Baba ya haƙa wa garuruwa goma sha ɗaya rijiya, amma bai taɓa namu ba sai da furfura ta cinye gemunsa. Wata bakwai yana ƙasa, ni ina sama ina jan guga, Inna Tabawa, mahaifiyata, tana kawo fura bakin rami. A gaba ashirin da biyu dagi ya yi ƙara. Ya ci karo da baƙin dutse, shimfiɗe wuri guda kamar daɓen ɗaki.

Kwana bakwai yana sauka ba ya haƙa, sai ƙwanƙwasa kawai muke ji. Rana ta bakwai ya fito ya zauna gindin tsamiya, ya dube ni da wani murmushi da ban taɓa gani a fuskarsa ba.

Ya ce, "Jatau, yi maza ka kira min maƙeri."

Na tafi da gudu. Kafin mu iso, Baba ya jingina da tsamiya, ya riga ya cika.

Bayan sadakar uku na sauka ramin. Ba komai a ciki sai ƙwaryar shan ruwansa, a kife kan dutsen. Na ɗauke ta na sa a jaka, don ita ce abin ƙarshe da hannunsa ya taɓa. Da labari ya bazu, mutane suka ce ai magana ta fito: Korau ya kife ƙwarya, ya sallama, baƙin ciki ya kashe shi. Har ya zama duk wanda ya fara aiki ya kasa, sai a ce masa, "Kai ma ka yi ta Korau." Ni kuwa na ga murmushin nan. Wanda ya sallama ba ya irinsa.

Ana nan sai marakin Mai gari Dogara ya kusa afkawa ramin. Ya aiko aka kira ni.

"Ɗan Korau, ramin nan cike shi za mu yi."

Na ce, "Ranka ya daɗe, akwai ruwa a ciki."

"Ka gani?"

"Ban gani ba. Baba ya gani."

Ya ja gemu, ya ce, "Don darajar uwarka, ba za a taɓa shi tana takaba ba. Ranar da ta fita, ranar za a zuba ƙasa."

Saura wata uku ke nan. Baba yakan ce ya koyi sana'a a wani Birnin Ƙurya, gaba da garin gishiri, mutane su yi dariya su ce labarin masu rijiya ne. Na ƙudura in je can in tambayo abin da Baba ya gani. Na ɗaure wa jakinmu Auraki kaya, na durƙusa gaban Inna. Ta ɗora hannu a kaina, hannun ya yi sanyi kamar gindin randa.

Kwana ashirin da huɗu muka yi muna bin gabas maso arewa, mun wuce dajin ƙaya, mun wuce wani fili da tsuntsayensa ke tafiya a ƙasa don ba itacen sauka. Sai wata hantsi na hango abu fari yana ƙyalli har ido na hawaye. Birnin Kantu ke nan. Ganuwarsa gishiri, gidajensa gishiri, masallacinsa gishiri, har turken ɗaure dabba. Ɗakunansu ba taga, don gishiri ba ya yankuwa da ƙarfe sai ya tsage. Ana wanke hannu a cikin kwano, a fitar da ruwan bayan gari a zubar.

Na sauka gidan wani mai suna Shekarau, mutum mai fara'a da ƙaton tumbi. Ban san ba a shiga garin da jaki sai an ɗaure masa baki ba, masu gadin ƙofa kuwa sun tafi cin abinci. Na ɗaure Auraki a bayan ɗaki, muka zauna kan tuwo. Muna cikin loma ta biyar sai muka ji tsohuwa ta ƙwalla ihu daga ciki.

"Shekarau! Aljani ya leƙo ni! Yana da kunne kamar ludayi!"

Muka ruga. Auraki ya lashe bango har ya ɓula, ya zura kai ɗakin Iya Gwamma, mahaifiyar mai gida, yana lumshe ido.

Shekarau ya riƙe kai. "Baƙo, ka kashe ni, ka kashe kanka. Dokar garin nan, wanda dabbarsa ta ci gini, shekara guda zai yi yana haƙar kantun gishiri a tafki."

Shekara guda! Ni da nake ƙirga kwanaki. Dogarai suka zo, aka jawo Auraki da ƙyar. Da aka zare kansa daga ɓular, sai iska ta shigo, haske ya faɗo kan tabarmar tsohuwa. Na ga ta ɗaga hannu tana duban zanen lallenta kamar ba nata ba.

Na durƙusa na ce, "Iya, kafin su tafi da ni, bari in toshe miki."

Ta ce, "Taɓa ka gani! Shekara saba'in ina ɗakin nan, yau na fara ganin fuskar akuyar maƙwabta. Wa ya ce a toshe?"

Na juya ga babban dogari. "To ranka ya daɗe, ɓarna ake hukuntawa ko gyara? Mai ɗaki ta ce gyara ne."

Kafin ya sami amsa, matar maƙwabci ta leƙo ta ɓular tana tambaya ko jakin ya ƙoshi, don ita ma ɗakinta zafi. Kwana huɗu Auraki yana zagaya gari yana lasar taga, ana masa kirari, ana kai shi bayan gari yana shan ruwa kamar raƙumi. Har matar babban dogarin ya yi wa guda biyu.

Ranar tafiya Iya Gwamma ta kira ni kusurwar da randarta take. Bangon wurin ya yi duhu, yana naso.

Na ce, "Iya, randarki na yoyo."

"Ba ta yoyo. Gishiri ne, ko ƙamshin ruwa ya ji sai ya yi gumi." Ta miƙo min kantu guda. "Ungo guzuri. Birnin da kake nema ban taɓa zuwa ba, amma kakata ta ce a je Dutsen Tilo, a nemi inda kan inuwarsa ke sauka gab da faɗuwar rana."

Kwana goma sha shida suka kai mu Dutsen Tilo, dogo siriri kamar taɓarya da aka kafa a tsakiyar fili. A gindinsa akwai gari, amma garin ba ya zama. Mutanensa, Bi-inuwa ake ce musu, rumfunan kara gare su marasa nauyi, inuwar dutse na juyawa suna juyawa da ita. Da safe suna yamma, da la'asar suna gabas, da tsakar rana kuwa duk su cure a gindi kamar kaji sun ga shaho.

Wani Bagudu ya karɓe ni, dogo ne mai ƙafar zalɓe. Ya ajiye min dambu. Na yi bisimilla na kai loma ɗaya, na sake miƙa hannu sai na damƙi ƙasa. Akushi ya tafi, tabarma ta tafi, rumfa na tafiya a kan mutum huɗu.

Bagudu ya waiwayo. "Taso mana, ɗan'uwa! A nan mai son ƙoshi da ƙafa yake ci."

Haka na bi dambuna ina ci ina tafiya. Da na gama na yi godiya zan kama hanya, sai ya tare ni yana dariya.

"Ina kuma? Wanda ya ci abincinmu ba ya fita inuwa. Ka zama namu. Dama muna neman mai riƙe ƙafar rumfa ta huɗu, ƙanena bayansa ya ƙage."

Na ce, "Me ya sa kuke bin inuwar nan?"

"Kakanni suka ce a tsare ta."

"Daga me?"

Ya sosa ƙeya. "Wannan kam ba su faɗa ba."

Na ɗauki ƙafar rumfa. Da la'asar ta yi, inuwa ta fara miƙewa gabas, tana tsawo, tana tsawo. Na ajiye rumfa, na ja Auraki, na nufi kan inuwar.

Bagudu ya yi tsawa, "Kai baƙo, doka!"

Na ce, "Dubi ƙafata, ta taka rana?"

Ba ta taka ba, haka tasa ma. Kan inuwa na gudu, ina binsa, Bagudu da mutum goma suna bina. Can rana ta yi ja, kan inuwar ya tsaya cak a kan wani tarin duwatsu. A tsakiyarsu ga bakin rijiya mai faɗin masussuka, da matakala tana murɗawa zuwa ƙasa. Na sa ƙafa.

"Malam Bagudu, nan ciki duk inuwa ce. Na karya doka?"

Ya leƙa, ya leƙa, sai ya fashe da dariya har ya zauna a ƙasa. "Ashe ƙofa aka ce mu tsare! Shekara nawa muna yawo da tukwane!" Ya cillo min ƙullin dambu. "Sauka lafiya, ɗan banza mai wayo. Ka gaishe su, ka ce masu gadi na nan."

Birnin Ƙurya da can a sarari yake. Rairayi ya riƙa binne shi kaɗan-kaɗan, mutanensa kuwa suka ƙi gudu, suka yi wa tituna rufi mai lanƙwasa kamar baka, suka riƙa ƙara wa rijiyoyi tsawo. Yanzu bakin rijiyoyin nan ta nan haske ke sauka, ginshiƙi-ginshiƙi, ƙarƙashin kowanne an shuka lemo da na'ana'a. Ruwa na gudu a gefen hanya yana 'yar waƙarsa. Na tsaya na daɗe ina saurare, don ban taɓa jin ruwa yana tafiya shi kaɗai ba wanda ya ɗauko shi.

Aka kai ni wurin shugabar masu rijiya, wata gajeruwar tsohuwa, Goggo Yalwa, hannunta duk kanta saboda igiya. Da na faɗi sunan Baba sai ta tafa hannu.

"Korau! Korau mai cin ƙosai goma sha biyu kafin ya ce ina kwana? Yana nan da hancin nan nasa?"

Na ce, "Goggo, ya rasu."

Ta yi masa addu'a, sannan ta kama hannuna ta ja ni wani dogon bango. Duk wanda ya gama koyo a birnin, yakan danna tafinsa a ɗanyen yumɓu. Dubbai ne. Ta nuna min ɗaya can ƙasa-ƙasa, ƙaramin yatsansa a karkace. Na san karkacewar nan, ita ke riƙe kunnena in na yi ƙiriniya. Na sa hannuna a ciki. Ya zauna daidai, sai dai nasa ya fi zurfi. Ban san tsawon tsayuwar da na yi ba, tsohuwa dai ba ta hanzarta ni ba.

Da muka zauna aka kawo ruwa, na ciro ƙwaryata zan sha. Na ba ta labarin baƙin dutse, da kwana bakwai, da maƙeri, da yadda na sami ƙwaryar a kife.

Ta miƙe zumbur. "Wannan ce? Ka ɗauke ta daga kan dutsen?"

"Na ɗauke, Goggo. Don tunawa."

"Innalillahi! Kan uban ne sak, sai dai babu kunnen! Kai, ka san abin da ka ɗauke?"

Ta zaunar da ni ta warware min. Baƙin dutse murfi ne, ruwa na danne a ƙarƙashinsa. Wanda ya fasa shi yana tsaye a ƙasa, ruwa zai riga shi fitowa. Don haka mai haƙa yakan yi kwana bakwai yana ƙwanƙwasawa yana saurare, har ya gano inda dutsen ya fi rashin kauri, wuri bai fi faɗin faifai ba. Nan zai kife ƙwaryarsa, ya fito, aikinsa ya ƙare. Sai maƙeri ya sa wa gungume bakin ƙarfe, a rataye shi da igiya daidai kan ƙwaryar, mata su ja su saki kamar daka. Sakin farko kuwa haƙƙin wadda ta ciyar da mai haƙa ne.

"Kife ƙwarya a wurinmu shi ne a ce an gama, ruwa na nan. Ubanka da nasara ya fito."

Na yi dariya, hawaye na zuba cikin ƙwaryar.

Ta ce, "Yi dariyarka, amma ka ɓatar da wurin. In aka daki gefe, ƙarfe zai karye, ko bango ya rufta."

"Ki koya min sauraron."

"Shekara bakwai ake yi. Kwana nawa gare ka?"

Na ƙirga. "Arba'in da biyu, hanya kuma arba'in."

"To ni ba ni da kunnen da zan ba ka aro. Tashi ka tafi, ko ka tarar da ramin kafin a cike shi. Akwai hanya ta ƙarƙashi da za ta fitar da kai bayan masu inuwa, kada su sake ɗora maka rumfa."

Na kama hanya, rabin zuciyata fari, rabi tana lissafin faɗin dutse. A kwana na tara na sauke kaya, na tarar kantun Iya Gwamma ya jiƙe gefe guda, gefen da ke jingine da salkar ruwa. Salka ba ta yoyo. Na tsaya ina dubansa, sai muryar tsohuwar ta dawo min: ko ƙamshin ruwa ya ji sai ya yi gumi. Na rungume Auraki na sumbaci goshinsa. Shi kuwa ya ɗauka izini ne, kafin in ankara ya lashe kusan rabin kantun. Daga ranar a kaina nake ɗauke da shi, jaki na bina a baya yana kallon ƙeyata kamar na ci amanarsa.

Na iso Tudun Tsamiya saura kwana biyu. Har an tara ƙasa a bakin ramin. Na wuce wurin maƙeri na faɗa masa abin da Baba ya so ya faɗa masa, sannan na daka gishirin ya yi laushi, na sauka, na share dutsen, na barbaɗa shi ko'ina kamar ana yaɗa gari a tabarma. Washegari da hantsi na koma. Ko'ina fari fat, sai wuri guda can wajen bangon gabas, ba tsakiya ba inda kowa zai zata. Ya yi duhu, ya jiƙe, faɗinsa kamar faifai.

Na ciro ƙwaryar. Wata uku ina sha da ita, na san kowane zane a jikinta, har inda haƙorin Baba ya ɗan ci bakinta. Na san kuma abin da gungume zai yi mata. Na juya ta sau biyu a hannuna, sannan na kife ta inda ya bar ta, na kama igiya na hau.

Ranar fitar takaba gari ya taru, wasu da kwanduna don zuba ƙasa. Mun kafa gwafa biyu, gungumen kirya na reto a tsakani. Mai gari Dogara ya dubi abin ya ce, "Ɗan Korau, sakwara za a daka mana a rami?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni daka uku. In ba komai, ni zan fara zuba kwando."

Inna ta fito cikin wankakken zane. Na durƙusa na miƙa mata bakin igiya.

Ta ce, "Ni kuma? Me na sani a rijiya?"

"Wata bakwai kina kawo fura, Inna. A inda Baba ya yi koyo, sakin farko naki ne. Ke yake shirin kira bayan maƙeri."

Ta dubi igiyar, ta dubi tsamiya. Sai ta ɗaure zane a ƙugu, ta waiwayi matan gari. "To me kuke kallo? Ku kama mana, ko yau aka fara daka a garin nan?"

Mata ashirin suka ja. Inna ta saki. Muka ji ƙarar fashewar ƙwarya, siririya, sannan dum! Shiru. Suka sake ja, wata ta ɗauko waƙar daka, saura suka amsa. Dum! Wani daga baya ya ce, "An yi ta Korau." A na uku Inna ta tofa a tafi, ta ce, "Bisimilla, Malam," ta saki.

Ƙasa ta yi nishi a ƙarƙashin ƙafafunmu. Iska mai sanyi ta bugo daga ramin har ta ture hular Mai gari. Sai gurnani, yana tahowa, yana tahowa. Masu kwanduna suka watsar suka ja da baya. Ruwa ya hau gaba goma, ya hau goma sha biyar, bai tsaya ba sai da ya rage kamu uku ya taɓa baki, yana juyi, garau kamar idon jariri. A samansa ga wani ɓallin ƙwarya yana yawo.

Inna ta durƙusa ta miƙa hannu ta tsamo shi. Gefen nan ne mai gurbin haƙori. Ta ɗebi ruwa da shi, bai fi kurɓi ɗaya ba, ta sha, ta ɗebo ta ba ni. Sannan ta yi dariya, dariyar farko tun ranar tsamiya, ta ce, "Ɗan gishiri-gishiri. Da ma shi komai nasa sai ya ji gishiri."

Mai gari ya ɗauki hularsa ya kaɗe, ya ce wa masu kwanduna su kwashe ƙasar nan su yi wa rijiya daɓe. Har yau in mutum ya gama aiki ya gyaru a Tudun Tsamiya, sai a ce, "Ya yi ta Korau." Auraki kuwa an hana shi kusantar rumbun gishirin kowa.

Nan na sauke kayana. Wanda ya ji ƙishi a cikinku, ga guga can a rataye.